Yankan Kacalla a Ƙasar Haɗeja

Ɗan yayata ne ya ja ni tafiyar. Tun da ya gama makarantar koyon jinya ya koma gida Haɗeja, ba ya kirana a waya mu rabu bai sako zancen ƙungiyarsu ba, ni kuwa sai in bi shi da "madalla, Allah ya yi jagora," irin amsar wanda ba ya son a tsawaita. Ina da dalilina. Na ga ƙungiyoyin matasa iri-iri a Kano, na kuma san inda akasarinsu ke ƙarewa: a buga riguna masu tambari, a sayi katan biyu na taliya a kai gidan marayu, a yi hotuna kamar na biki, a zuba a Facebook, daga nan sai baɗi in da rai. To, ran nan sai ya ce mini, "Kawu, wannan karon ka daure ka zo. Ciyawa za mu je yanka." Na ce, ƙungiyar da kuka ce ta karatun yara ce, me ya haɗa ta da ciyawa, ko kiwo kuka koma? Ya yi dariya ya ce in zo dai, in kuma taho da tsohon wandon da ba zan ji asararsa ba.

Na hau mota a tashar Yankaba ranar wata Juma'a da sassafe, a ƙarshen hunturu, hazo ya lulluɓe gari har fitilun motoci ba abin da suke haskawa sai ƙura. Mu huɗu aka cusa a kujerar tsakiya. Hanyar ba ta da wani abin labari. Gezawa, gonaki an girbe sun yi fayau, sai Gujungu inda direba ya tsaya muka sha shayi a tsaitsaye. Daga nan ne ƙasa ta fara sauya kama. Goruba ta yawaita, kuma muna kusantar Haɗeja sai ga kore shar a tsakiyar rani, alkama da tattasai da shinkafa, injinan ban-ruwa na ta ƙugi.

Kafin idonka ya ga kasuwar kifin Haɗeja, hancinka zai gaya maka ka iso. Bandar tarwaɗa ce tuli-tuli ana shiryawa a kwalaye za a yi kudu da ita, har da busassun kwaɗi waɗanda mutanen garin ba sa ci amma sun iya lissafin kuɗinsu. Nan ne garin da Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa a 1906, ya yi shahada tare da jama'arsa masu yawa, har yau Mai Shahada ake ce masa. Bahaɗeje ba ya barin baƙo ya kwana bai ji wannan labari ba. Ni sau biyu aka ba ni shi kafin la'asar.

Na ce a kai ni ofishin ƙungiya, sai aka kai ni shagon tela. Telan shi ne ma'aji, kuma a ƙarƙashin teburin yankansa dukiyar ƙungiyar take baki ɗaya: damin laujuna ɗaure da igiya, da wani littafi mai bangon kwali irin na 'yan kasuwa. Su goma sha huɗu ne, biyar mata. Shugabansu malamin firamare ne, akwai mai sana'ar POS, akwai mai gyaran waya, akwai 'yan kwalejin ilimi, sai wata mai yi wa ƙasa hidima daga kudu wadda Hausarta ba ta wuce ta cefane ba amma ba ta fashin taro. Kowa na zuba naira dubu biyu a wata, wanda ya makara a ja masa layi da jan biro, kuma na lura sunan shugaban ma bai tsira ba. Na yi ta buɗa shafuka ina neman abin da na saba gani. Man jirgi. Wasa lauje. Shinkafa kwano goma. Alli. Bashin direba, an biya rabi. Na kai ƙarshe ban ga kuɗin riguna ba.

A nan shagon, bayan magariba, shugaban ya ba ni asalin maganar. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta ci gonaki da gidaje masu yawa a Jigawa, sun yi karo-karo sun sayi littattafan rubutu da fensira, suka kai wata makarantar ƙauye da ke can cikin fadama, gabas da Haɗeja. Ranar Talata ce, da hantsi. Suka tarar da malami ɗaya da yara bakwai. Da suka tambayi ina sauran, malamin ya nuna musu gabas da haɓa, ya ce suna gona korar tsuntsu. Bulaman garin ya karɓi kayan da hannu biyu, ya sa musu albarka yadda ya kamata, sa'an nan ya ce, "'Ya'yana, kun kyauta. Sai dai littafi ba ya korar jan-baki. Ku taso in nuna muku abin da ya cinye makarantar nan." Ya kai su bakin kogi. Ba su ga kogin ba. Ciyawa suka gani, iyakar ganin ido.

Kacalla ke nan, wadda a wajenmu wasu ke kira geranya. Doguwa ce, ta fi mutum tsawo nesa, ganyenta kamar takobi, kanta kamar zangarniyar gero da aka shafa wa ƙasa. Dattawan fadama sun san ta tun da, amma a gefe-gefe take, ba ta da wani ƙarfi, domin a da kogin yana da lokuta biyu. Da damina ya cika ya malala ya shayar da fadama, da rani ya janye har a taka yashi a haye, ciyawar ta bushe ta mutu. Sai aka gina madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka ƙara da ta Challawa kusa da Ƙaraye a 1992. Aka riƙe ruwan damina, ana sakinsa kaɗan-kaɗan shekara duka saboda noman rani da ruwan shan birnin Kano. Kogi ya daina ƙafewa, ya kuma daina zuwa da ƙarfin da zai share hanyarsa. Laka ta kwanta. Ruwa marar zurfi da ba ya tafiya ko'ina, shi ne gadon sarautar kacalla. Ta toshe tsohon kogin Haɗeja, ta toshe Burum Gana, ruwan ya rasa mafita ya karkata zuwa mashigar Marma da ke gangarawa Nguru. Sai ya zama wasu garuruwan gonakinsu na nutse a ruwa shekara da shekaru, wasu kuma a 'yar tazara kaɗan suna kallon ƙasa a bushe. Can ƙasa kuma, mutanen Gashuwa da Gaidam da ke jiran rabonsu ta kogin Yobe, mai zubawa a Tafkin Chadi, su ma abin ya taɓa su.

Ina sauraro ina tuna famfon gidana a Kano, ran da aka ga dama aka kawo ruwan, da shinkafar Kura da nake yabo a kan ta waje. Ashe ni ma ina da kaso a cikin ciyawar nan ban sani ba.

Saura tsuntsu. Jan-baki ba ya son komai kamar kacalla, a cikinta yake kwana, a cikinta yake sheƙa, ba maciji ba mutum da zai iya cim masa. Da gari ya waye ya faɗa gonar da ta fi kusa. Manomin da ba ya son ya girbe kara zalla dole ya sa mai tsaro daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kuma mai tsaron da ba a biya shi ne ɗansa. Shugaban ya lissafa mini da yatsu, daga madatsa zuwa ciyawa, daga ciyawa zuwa tsuntsu, daga tsuntsu zuwa ajin da ba kowa. Ya ce, "Mun ga ba mu isa mu taɓa madatsa ba, Malam. Tsuntsu kuma ya fi ƙarfinmu. Sai muka sayi lauje."

Asabar da asuba muka hau a-kori-kura, mu da buhun shinkafa da jarkar mai da laujuna. Mun bi kwalta ta wajen Kirikasamma, muka sauka muka kama burji, burji ya ƙare muka kama sawun amalanke, har muka iso inda mota ba ta da sauran magana. Kwalekwale biyu na jiranmu, ɗaya mai inji. Da farko ruwan a buɗe yake, kuma duk taurin zuciyarka sai ka yi tasbihi. Balbela fari fat a kan shanun Fulani da ke tsaye cikin ruwa, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi, kirinjijiya na tashi garke-garke da kukanta, ga wasu ƙananan agwagin da ake cewa daga Turai suke zuwa cin hunturu, su ƙetare Sahara su sauka nan. Saboda su ne duniya ta san wurin. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, kuma tun 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo kallon tsuntsaye a Dagona. Na faɗa wa mai tuƙa mu haka, ina jin na kawo labari. Ya ce ya sani, ya sha ɗaukar masu zuwa da madubin hangen nesa suna ƙirga tsuntsu suna rubutawa. "Mu dai wanda ya dame mu," in ji shi, "ba ya ƙirguwa."

Daga nan muka shiga ciyawar. Aka kashe inji domin kada ta naɗe farfela, aka koma gora. Wani siririn lungu ne, bango kore dama da hagu, ganye na shafar fuska, sama ta zama 'yar tsaga. Iska ta ɗauke. Sauro da rana tsaka. Mun fi rabin sa'a a haka ba wanda ya yi magana, kuma na gane abin da ake nufi da a ce kogi ya ɓace alhali kana kansa.

Garin ɗan ƙarami ne, a kan tudu, gidajen ƙasa da na kara, masallaci, makaranta mai aji uku. A ƙofar gidan Bulama ka ji Hausa, ka ji Barbarci, ka ji Badanci, wani Bafulatani a gefe yana jingine da sandarsa. Muka zube muka yi gaisuwa. Bulaman ya dubi matasan ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayensu, ya tambayi wata ina mahaifiyarta da jiki, ya tambayi mai gyaran waya dalilin da bai zo wancan karon ba, bai kuma karɓi uzurin ba. Da ya zo kaina aka ce kawun wane ne daga Kano, marubuci. Ya ce, "Madalla. Malam, ka iya ruwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na iya sha." Aka yi dariya, amma na ga ya yi wa wani saurayi ido, kuma tun daga lokacin yaron bai bar gefena ba.

Muna zaune sai ga wasu jiragen sun ɓullo daga ƙasa, cike da maza, kowa da laujensa, nasu Bulaman a gaba. Gaisuwar da aka yi tsakanin dattawan biyu ta yi tsawo, ta kuma yi sanyi, irin ta mutanen da ke da magana a ciki. Daga baya ma'aji ya warware mini. Mashigar da za a yanka tsakanin garuruwan biyu take. Na sama suna cewa na ƙasa ne za su amfana da ruwan, su ya kamata su yanka. Na ƙasa suna cewa ciyawar a ƙasar na sama ta tsiro. Shekaru ana wannan, har ta kai ba a zuwa sunan juna sosai. Matasan ba su yi sulhu ba, ba su ma san da rigimar ba a zuwansu na farko. Sun dai je wa kowane Bulama sun ce ranar kaza za mu zo aiki, muna roƙon a taya mu. To wa zai zauna a gida 'ya'yan mutane daga birni, har da 'yan mata, suna cikin ruwa saboda gonarsa? Kunyar baƙo ta yi abin da zaman sulhu bai yi ba. Na daɗe ina juya wannan a raina, domin gayya ba baƙuwa ba ce a wurin nan, su suka gaje ta, sun fi mu saninta. Abin da ya ɓace musu shi ne wanda zai kira ta ba a ce yana da wata manufa ba.

Makaɗi ya saɓa ganga, aka gangara. Sarkin ruwa ne ya raba aiki: masu yanka a gaba a jere, masu ja a baya, yara da tsofaffi a gaɓa suna tarawa. Ya kama hannuna da laujen ya tura cikin ruwa har gwiwar hannu. "Nan za ka yanka, Malam, ƙasa da ruwa, kamar taƙi guda. Ta ganye take shaƙar iska ta aika wa saiwa. In ruwa ya rufe kututturen sai ta shaƙe ta ruɓe. In ka bar kanta a waje, aski ka yi mata, kuma za ta gode maka." Na ce na gane.

Ruwan hunturu da safe ba abin wasa ba ne. Da ya kai mini ƙugu sai da na yi salati da ƙarfi. Laka ta karɓi takalmina na dama a taku na uku, ba ta kuma dawo da shi ba. Kana sunkuye, haɓarka na taɓa ruwa, kana laluben gindin ciyawar da ba ka gani, ka ja lauje, ta faɗo maka a ka. Gefen ganyen na yanka hannu siriri-siriri, ba ka ji sai ruwa ya shiga. A damana wani dattijo ne da ya haife ni, ba riga, yana tafiya kamar mai girbin gero, yana amsa waƙar makaɗi, kafin in kayar da ƙwaya biyar ya buɗe wurin da jirgi zai juya. Bayana ya fara ciwo, sai na riƙa ɗagowa kaɗan-kaɗan ina yanka inda hannuna ya kai da sauƙi. Ba wanda ya ce mini komai. Da na ɗaga ƙafa na ga matsattsaku biyu sun maƙale a ƙwaurina sun yi bul, na yi wata ƙara da ba ta dace da shekaruna ba, yaron da aka haɗa ni da shi ya cire su yana ƙoƙarin ɓoye dariya. Daga nan Sarkin ruwa, cikin ladabi, ya ce ana bukatar mai hankali a wajen tara ciyawa. Aka mayar da ni cikin yara.

Daga gaɓa na fi ganin aikin. Gaskiya ita ce kashi tara cikin goma mutanen gari ne suka yi shi. Matasan ƙungiya, in ka cire biyu ko uku da hannunsu ya faɗa, ba su fi ni da yawa ba. Amma ba su fito ba. Mai yi wa ƙasa hidimar nan tana cikin ruwa har ƙirji, tana jan dami tana rawar sanyi, matan gari a gaɓa suna yi mata guɗa. Kuma shinkafar da aka dafa wa mutum kusan ɗari, da man da ya ɗauko mutanen ƙasa, da laujunan da aka wasa, duk daga littafin nan mai jan biro suka fito.

Da azahar, bayan an ci abinci, ɗan yayata ya tara yara maza a gindin wata tsamiya, sakatariyar ƙungiya kuma ta shiga cikin gida wajen iyaye mata. Ya tambaye su wa ke ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Hannuwa suka tashi, ana dariya ana ture juna, wasu har da alfahari, domin a wurare irin wannan akwai masu ɗaukar tsargiya alamar yaro ya fara zama namiji. Ya ciro 'yar katantanwa daga gindin kacalla ya ɗora a tafin hannu, ya nuna musu inda ƙwayar cutar ke girma kafin ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai su. Bai raba magani ba. Ya ce wannan ba hurumin ƙungiya ba ne, sunaye yake rubutawa ya kai wa ma'aikatan lafiya na yankin, ya kuma yi ta bibiya har a zo. Na ji daɗin wannan fiye da yadda na nuna masa. Na sha ganin masu kyakkyawar niyya suna rabon ƙwayoyi a ƙauye kamar alewa. Da muka keɓe na ce, to mu da muka wuni a ruwan fa? Ya ce, "Kai ma bayan wata biyu sai ka je a duba ka, Kawu." Bai gaya mini wannan a waya ba.

Gab da magariba na bi wani yaro zuwa gonar alkamar babansa. Shekarunsa ba za su wuce goma ba. Yana da ɗan dandamali na itace a tsakiyar gona, igiyoyi sun tashi daga nan zuwa kowace kusurwa, an rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki da tsummokaran leda. Ga majajjawa a wuyansa. Muryarsa ta dushe kamar ta tsoho. Na ce ajinsa nawa, ya ce uku. Yaushe rabonsa da aji? Ya yi tunani ya ce tun kafin alkama ta fitar da kai.

Sai suka taso. Da fari na ɗauka hayaƙi ne daga wani ƙauye. Hayaƙin ya lanƙwasa, ya miƙe, ya rabu biyu ya sake haɗewa, ya nufo mu da wata ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Yaron ya finciki igiyoyi, gona ta ɗauki kwaramniya, ya buɗe dusasshiyar muryarsa, daga gonakin maƙwabta wasu muryoyin yara suka amsa. Garken ya yi sama, ya zagaya, wani yanki ya sauka a ƙarshen gonar duk da haka, 'yan daƙiƙu kawai, ya tashi. Muka je wurin. Zangarkun sun zama fanko. Tsuntsun da bai cika tafin hannu ba. Suka wuce suka zube cikin kacalla, ciyawar ta yi ta lanƙwashewa saboda nauyinsu, surutunsu bai lafa ba sai da duhu ya yi sosai.

A ajin makaranta muka kwana, maza, kan tabarmi, matan kuma a gidan Bulama. Kafin a rabu sai gardama ta tashi, kuma na fahimci tsohuwa ce. Mai POS ya ce wahalar nan ta isa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 dubu biyun da suke zubawa ba ta kai su ko'ina, rabin kuɗin wata a jarka ɗaya yake ƙarewa. A yi rijista, a buɗe asusun banki, a ɗauki hotuna masu kyau, a rubuta wa manyan ƙungiyoyi. Wasu da ba su yi rubu'in aikinsu ba suna hawa motoci masu tambari. Shugaban ya ce ba ya ƙin rijista, abin da yake tsoro daban ne. Ran da aka ji kuɗin Turawa ya shigo, ran nan gayya ta mutu. Dattijon da ya shiga ruwa yau don kunya da zumunci, gobe zai tambayi nawa ne kuɗin wuni, kuma yana da gaskiya, tun da ya san an karɓo da sunansa. Sakatariya ta ce su biyun suna magana kamar kuɗin na bakin ƙofa yana sallama.

Suka juyo gare ni, wai ni babba. Na so in goyi bayan shugaban kai tsaye, domin na ga garuruwan da ba a ƙara share ko magudanar ruwa ba sai an ba da kuɗin zama, tun da wani shiri ya zo ya koya musu haka ya tafi. Amma na kalli mai POS, hannuwansa duk tsaga, shi ne kuma ya ranta wa ƙungiya kuɗin motar da ta kawo mu, na ga ba ni da bakin yi masa wa'azin ƙana'a. Kuma lauje ba zai ci kacalla da yaƙi ba. Abin da ya toshe tsawon kilomitoci sai injinan da ke yasar kogi suna tafiya a kan ruwa, irin waɗanda gwamnatin Jigawa ta sayo, sai kuma masu riƙe da madatsun sun daidaita yadda suke sakin ruwa. Abin da na iya ce musu shi ne, duk abin da za su nema, su lura da yadda Bulama ya yi wa mai gyaran waya faɗa da safe. Ba a yi wa mai mota mai tambari irin wannan faɗan, godiya ake yi masa a raka shi. Ban sani ba ko sun ɗauki wannan a matsayin amsa. Na ciro abin da ke aljihuna na ba ma'aji, ya haska fitilar waya ya rubuta a littafi, da kwanan wata, ya kuma sa na sa hannu.

Lahadi da hantsi aka kai ga toshiyar ƙarshe, wani dunƙulen saiwa da laka da ya zama kamar bango. Samarin garuruwan biyu suka haɗu a kansa da adduna da sanduna, aka ɗaura igiya aka ja. Da ya ɓalle ba wani abin mamaki da ya faru, ruwa bai yi tsalle ba. Sarkin ruwa ya tsinki ganye ya jefa. Muka zuba masa ido. Ya tsaya kamar yana shawara, ya juya sau ɗaya, sa'an nan ya kama hanya a hankali ya nufi ƙasa. Bulaman ƙasa ya bi shi da kallo har ya ɓace, ya juyo ya kama hannun takwaransa da hannu biyu. Liman ya yi addu'a.

Duk abin da aka buɗe a kwana biyu bai fi ka taka shi cikin minti goma ba, in da ana takawa. Jan-baki kuma ba zai bar ƙasar don wannan ba, sai dai an ture makwancinsa nesa kaɗan da gonakin da ke bakin mashigar. Saboda haka kafin mu tafi shugaban ya zauna da iyaye da malamin makaranta, aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan cewa samari da manya za su karɓi tsaron safe bi da bi har a girbe alkama, yara su je aji, in an tashi su karɓa. Wani uba ya ce shi bai yarda ba, ba shi da babban ɗa, kuma alli ba ya cika rumbu. Ba a matsa masa ba. Aka ba mu bandar kifi a ƙunshe cikin takardar siminti, ni kuma wani ya kawo mini silifa, ƙafa ɗaya ja ɗaya shuɗiya, da su na shiga Kano.

Bayan sati shida ɗan yayata ya kira ni da daddare. Ya ce sun koma. Ruwa ya kai gonakin mutanen ƙasa, har wasu sun yi shirin shinkafa. Ranar da suka je sun ƙirga yara talatin da ɗaya a makaranta, ban da ɗan mai dandamalin nan, shi yana gona. Maganar rijista tana nan, ba a gama ba. Ya tuna mini da zuwa asibiti, na ce ina sane.

"Sai kuma saƙon Bulama," in ji shi, ina jin dariya a muryarsa. "Ya ce a gaishe ka da kyau. Ya ce duk mashigar ta ruɓe yadda ake so, sai wuri ɗaya a gefen hagu, kamar faɗin tabarma biyu, ya tsiro kore shar, ya fi na da kyau. Yaran garin har suna suka sa masa, gonar Malam. Ya ce ba wanda zai taɓa maka ita, kuma laujenka na nan a rataye a zaure."